Zobe Biyu a Yatsa Ɗaya

Ranar da aka kawo kayan baikon Mufeeda, mahaifinta Malam Almu ne kaɗai a falon bai kalli zoben ba. Mutane sun cika flat ɗinsu na Lewisham har bakin kicin, mata suna ta miƙa hannun yarinyar daga wannan zuwa waccan kamar farantin dabino, kowace tana juya yatsan a ƙarƙashin fitila don dutsen ya yi walƙiya. Da hannun ya iso gabansa sai ya ɗauke kai ya dubi labule, ya ce wa labulen, "Allah ya sa albarka."

Cikin manya babu wanda ya ga laifinsa. Mufeeda 'yar fari ce, shi kuma ɗan cikin birnin Kano ne, ɗan gidan maƙeran fari, inda uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya jan shi a jiki a gaban mutane. Shekarun da ya yi a London yana tuƙa bas sun canza masa abubuwa da yawa, har shayi ya koyi sha babu sukari, amma wannan kunyar tana nan inda ubansa ya bar masa ita. "Yarinyar nan" yake ce mata. In yana da magana da ita, ta bakin uwarta Karimatu take bi. Ko sunan gida ƙanwarta ce ta samu, kowa Baban Anatu yake kiransa.

Uban angon kuwa, Dokta Umar Faruq, bai san wannan hanya ba, ko ya sani ya ajiye. Dogo ne mai furfura a gemu, matarsa ta rasu ta bar masa ɗa guda, Baha'uddeen, wanda zai auri Mufeeda. Tun daga bakin ƙofa yake kiran "Mufeeda 'yata", yana cika baki da sunan kamar shi ya raɗa shi. Ya tambaye ta aikin asibiti, don nas ce a ɗakin haihuwa, suka yi ta dariya a kan wani abu da su biyu kaɗai suka gane. Da ta kawo masa ruwa ta ce, "Abba, ga shi."

Almu ya ji kalmar ta sauka masa a ƙirji. Shi da ya tashi da ita a kafaɗa zuwa asibiti tana jaririya, shi da ya yi ta ƙarin aiki ranar hutu har ta gama karatu, "Dad" take ce masa, irin yadda yaran Turawa suke kiran nasu a cikin bas. Abban kuwa, na gida, mai ɗumi, ya tafi wurin mutumin da ta sani jiya-jiya.

Bayan mako guda ya ji Karimatu tana waya da ƙawarta, tana cewa Dokta zai kai yaran Hatton Garden, unguwar masu zinare, su zaɓi zoben aure. Yaran yanzu haka suke yi: na baiko mai dutse, na aure kuma a ɗora kusa da shi a yatsa ɗaya. Almu ya jira ta ajiye wayar.

"Ki gaya wa yarinyar nan kada su sayi komai. Ni zan ƙera."

Karimatu ta tsaya da ludayi a hannu. "Za ka ƙera me?"

"Zoben."

"Baban Anatu, da wane hannun? Wanda yake murza sitiyari tun kafin a yaye Anatu? Shekaranjiya fa marfin kwalbar manja ya gagare ka sai da na karɓa."

"Kwalba daban, zinare daban. A bakin wuta aka raine ni."

"An raine ka, ka gudu." Ta ci gaba da juya miyarta, tana murmushi ta gefen baki. "Ka faɗi gaskiya kawai, kishin Dokta kake yi."

"Kishin wa? Mutumin da in ya yi dariya kamar ana juye tsakuwa a kwano?"

"Ni ban tambaye ka dariyarsa ba."

Ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar jakar da ke saman wardrobe, ya fito da ƙullin tsumma. 'Yan kunnen mahaifiyarsa ne a ciki, manya irin na da, ɗaya ya karye, da guntun awarwaro. Ubansa ne ya ƙera su. Duk zinaren da ya mallaka a duniya ke nan, kuma zai isa zobe ɗaya.

Karimatu ta kai saƙon. Ta dawo ta ce yarinyar ta ce to. Ta kuma kawo masa guntun zare da ta zagaya yatsan da shi ta ƙulle, don shi ba zai kama hannun ya auna ba.

Yana da aboki a Peckham, Fatawu, mutumin zangon Kumasi, wanda suke haɗuwa a masallaci. Shagonsa yana wani lungu a Rye Lane, tsakanin mai sayar da gashi da mai gyaran waya, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Yana gyaran sarƙa da agogo, yana da teburi da ƙaramar wutar gas da injin murza zinare. Ya yarda Almu ya zauna a teburin ranakun da ba shi da aiki. Amma da ya ga zaren sai ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Ina ɗayan zoben?" Hausarsa irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji. "Yarinya zai sa biyu a yatsa ɗaya. Kawo na farko mu gani yadda ya zauna."

"Ina ruwana da nasu? Zobe ai zagaye ne tun zamanin kakanni."

"Ka gan shi dai?"

"Na gani."

Bai gani ba. Ya san dai akwai wani abu mai ƙyalli a hannun hagunta, don duk lokacin da ta miƙo masa faranti yakan ji hasken a gefen idonsa ya kau da kai.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Zubin farko ya tsage, sai da aka sake narkawa. Ya ƙone babban yatsa, ya tuƙa bas kwana da kwanaki da filasta. Amma a hankali abin ya riƙa dawowa, ba ta kai ba, ta yatsu, har wata rana ya ji yana gunguna waƙar da masu zuga suke yi a gidansu. Ya yi zoben mai faɗi, mai nauyi, miƙaƙƙe, ja kamar gwaiduwar ƙwai. Ya zana masa dagi a zagaye irin na ubansa, layi yana shiga ƙarƙashin layi. Yana zanen yana hango taron biki: mata sun kama hannun, sun tsallake dutsen Dokta, suna tambaya, wannan fa, wa ya yi? Yakan hango Dokta a tsaye a gefe da kofin lemo, babu mai kula shi.

Ranar Lahadi da rana ya ba Karimatu zoben a cikin auduga ta kai ɗakin Mufeeda. Shi kuma ya tsaya a corridor ya buɗe ƙofar boiler, tukunyar dumama ruwan gida, kamar yana duba wani abu.

Ya ji muryar yarinyar. Hausarta tana da kyau, sai dai in abu ya taɓa ta Turanci yake fara fitowa. "Mum, it's beautiful. Shi ya yi wannan? Da hannunsa?"

Almu ya murɗa wani abu a jikin boiler da bai san aikinsa ba.

"Sa mu gani," in ji Karimatu.

Ya matsa ya leƙa ta tsagar ƙofa, ranar ce kuma ya fara ganin zoben baikon da idonsa sosai. Dutsen ba a sama yake tsaye ba. A ƙasa yake zaune cikin wani faffaɗan gurbi kamar ƙaramin kwano, da ƙananan duwatsu kewaye da shi, gurbin ya fantsamo ta gefe biyu. Zobensa miƙaƙƙe ya zo ya daki gefen kwanon ya tsaya. Ta baya sun haɗu, ta gaba sun rabu, tsakaninsu da rata da tsinken tsintsiya zai wuce. Nasa ya karkace ya dubi gefe kamar baƙon da aka hana kujera.

"Ba sa zama tare," in ji Mufeeda a hankali. Ta juya, ta sauya musu wuri, ta danna. "Irin wannan sai mai lanƙwasa, wanda zai zagaye dutsen. Kuma Mum, ko ya zauna ba zan iya shiga aiki da shi ba. Ba a yarda da mai dutse ko mai zane ba, datti yana maƙalewa. Sai sumul."

"To ya za a yi?"

"Zan ajiye shi. In riƙa sawa a hannun dama ranar Sallah. Kada ki gaya masa yanzu."

Bai bar wurin ba tukuna sai ya ji tana waya. "Abba, ina wuni. A bar appointment ɗin Hatton Garden na Asabar yadda yake. Eh, za mu je."

Da yamma Karimatu ta same shi a kicin yana wanke kofin da yake a wanke.

"Na san ka ji. Inuwarka tana ƙarƙashin ƙofa."

"Ki gaya mata..."

"Ba zan gaya mata komai ba. Na yi ritaya." Ta karɓe kofin ta kife. "Tun tana cikin zani nake kai saƙo ina kawowa tsakanin mutum biyu da suke cin tuwo a teburi ɗaya. Na kai maka zare, ga abin da zare ya haifa. In kana da magana ga ɗakinta can, ba a canza masa wuri ba."

"Kin san ba a yi."

"A Kano ba a yi, don akwai kawu, akwai baffa, akwai kaka da za su yi maka. A nan wa ka ajiye? Ka bar wuri a buɗe, wani ya zo ya zauna, kana jin haushinsa. Shi ya ce ka tashi?"

Washegari ya fita aiki da ido ja. Abin da bai taɓa lura da shi ba ya fara cika masa ido: hannun mata masu taɓa katin biyan kuɗin mota a jikin na'urar da ke gefensa. Ga wata da zobe biyu a manne, na ƙasan ya ɗan rusuna a tsakiya ya ba dutse hanya. Ga wata nata ya yi kwana kamar bakin jirgin ruwa. Ashe garin cike yake da zobba masu rusunawa. Ya kira Fatawu a lokacin hutu ya faɗa masa abin da ya faru. Fatawu bai ce na gaya maka ba, ya dai yi tari mai kama da haka.

"Hanya biyu ne. Ko ka narke naka ka lanƙwasa shi ya bi dutse, ko a goge gefen wancan da magagari, a rage shi, naka ya shiga miƙe. Kowane ka zaɓa, sai zobe ya zo, sai yatsa ya zo. Zare ba zai yi ba."

A goge gefen wancan. Almu ya yini yana juya maganar kamar alewa a baki. Me ya sa nasa ne zai durƙusa? Zinaren uwarsa ne, aikin ubansa ne. Nasu daga shago aka ɗauko.

Kwanaki suna tafiya, Asabar tana matsowa, bai iya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ba. Yakan je har bakinta ya wuce banɗaki.

Ranar Laraba da safe Allah ya kawo ta cikin bas ɗinsa. Ta taso daga aikin kwana, ta taɓa katinta, ta ce "Dad, sannu", ya gyaɗa wa gilashi kai. Ta zauna a baya kusa da taga. Kafin a yi nisa ya hango ta a madubi ta jingina kai ta yi barci, hannun hagun a kan jaka. Da aka iso inda za ta sauka ya buɗe ƙofa, mutane suka fita. Da wata ce da ya ɗaga murya. Wannan da me zai kira ta a gaban mutane? Ya rufe ƙofa ya ja. Haka ya yi ta tafiya da ita har ƙarshen layi, inda kowa ya sauka aka bar su biyu. Ya kashe inji, ya fito daga kejinsa na direba, ya tsaya a kanta ya yi gyaran murya.

Ta farka ta dubi waje. "Ina ne nan? Dad, ka wuce da ni?"

Ya zauna a kujerar gabanta, ya ba ta ƙeya, yana kallon titi. A haka maganar ta fi sauƙin fita.

"Jibi Juma'a, bayan masallaci, a zo shagon Fatawu. A zo da zoben nan. Da wancan ɗin ma."

"A zo? Wa zai zo?"

"Ke."

Ta gyara zama. "Mum ta gaya maka."

"Ba ta gaya mini ba."

"Dad, wata nawa yana hannuna ba ka dube shi ba. Ta yaya za ka yi wanda zai zauna da shi?" Muryarta babu faɗa, gajiya ce a ciki. "Na san al'ada ce. Mum ta yi mini bayani tun ina primary, lokacin da na tambaye ta ko ba ka so na ne. Na sani. Amma sanin bai taɓa sa na ji daɗi ba."

Almu ya dubi wata tattabara da take tsintar abu a gefen titi. Ya ce, "Jibi."

"Sai na tambayi Abba."

"Zobenki ne, ko nasa?"

"Na maman Baha ne. Da shi aka yi mata baiko, yana hannunta har ta rasu. Ba zan kai shi inda wuta da guduma suke ba tare da ya sani ba."

Ya tashi ya koma kejinsa. Wato ko gyaran kuskurensa sai da izinin Dokta.

Ya yi zaton izinin kaɗai za a aiko. Ranar Juma'a sai ga mutumin da kansa ya sunkuyo ta ƙofar shagon, da babbar riga da ledar gasasshen nama a hannu, Mufeeda a bayansa.

"Surukina, maƙerin asali," in ji shi, ya kama hannun Almu da hannu biyu. "Ashe muna zaune da gwani ba mu sani ba. Na ga aikin nan, wallahi na ce wa Baha ubanka ko ƙusa bai iya bugawa ba." Ya yi dariyar tasa, ta cika shagon har mai gyaran waya ya leƙo. Fatawu ya ba shi kujera ɗaya tilo ta baƙi. Mufeeda ta tsaya a gefensa, ta gyara masa hannun riga da ya kusa taɓa kwalbar ruwan wanke zinare. Almu ya ga wannan ma.

Ta zare zoben baikon ta miƙa. Ya karɓa ya kai ƙarƙashin fitila. Bai kai nauyin da ya zata ba. Ta ciki ya sirance, ya yi santsi irin na abin da ya daɗe yana gogar fata, ya sha wanke-wanke da alwala. Gefen gurbin da ya tare nasa ɗan siririn baki ne. Magagari zai cinye shi kafin a gama gaisuwa.

Fatawu ya maimaita hanyoyin biyu don baƙo ya ji. Dokta ya saurara da kai a sunkuye. Dariyar ta tafi. Ya daɗe yana kallon zoben a hannun Almu, sannan ya ce, "Malam Almu, in gogewar ce za ta sa naka ya zauna, goge. Mai shi ta riga mu gidan gaskiya, ba za ta yi ƙorafi ba. Aikin da ka yi ya fi ƙarfin a narke shi."

"Abba," in ji Mufeeda, ta dafa kafaɗarsa.

Almu ya ɗauki magagari. Abin da ya kwana huɗu yana so ke nan, an miƙo masa a faranti. Amma da ya ɗora haƙoran ƙarfen a gefen gurbin sai ya ji wani ɗaci ya taso masa har harshe. Ya hango yadda labarin zai zagaya: Dokta mutumin kirki, ya bari an yanki zoben matarsa don a faranta wa direba. Duk ranar da yarinyar ta dubi yatsanta, kyautar Dokta za ta gani sau biyu, dutsen da kuma wurin da aka rage. Mutumin nan ko a wajen haƙuri sai ya fi shi. Ga hannunta har yanzu a kafaɗarsa.

Ya ajiye magagarin. "Ba na taɓa kayan mutane."

Ya ɗauki zobensa mai dagi ya jefa a kasko, ya kunna wuta.

"Dad, tsaya, ina son wannan ɗin, a bar mini shi..."

"Babu wani zinaren."

Harshen wutar ya yi shuɗi. Dagin ya yi ja, layukan suka kumbura suka shige juna, zoben ya durƙushe ya zama ɗigo guda mai rawa. Mufeeda ta rufe baki da hannu. Almu bai ɗago ba.

Daga nan aiki ya karɓe shagon. Ya zuba, ya tsoma a ruwa, ya murza a inji, ya mayar wuta, ya sake murzawa har ya zama siririn tsinke. Dokta ya buɗe namansa ya yi ta miƙa wa kowa, yana ba Fatawu labarin wani ɗan Kumasi da suka yi karatu tare. Almu ya ce ya ƙoshi. Da lokacin awo ya yi, Fatawu ya turo masa zobban gwaji a jere a jikin waya, ya koma gefe ya kama gyaran wani agogo da gangan.

Babu Karimatu, babu zare. Almu ya goge hannunsa a wando. Mufeeda ta miƙo nata ta ajiye a kan teburi.

Rabonsa da riƙe hannun nan tun tana tsallaka titi zuwa makaranta. Ya zata mai laushi ne. Ashe ya bushe da sabulun asibiti, fatar gaɓoɓin ta tsattsage, gaɓar tsakiya ta fi gindin yatsan kauri, irin nasa, irin na ubansa. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, idonsa a kan yatsan. Ya ji tana kallon tsakar kansa inda gashi ya ƙare. Ya daɗe fiye da yadda awo yake bukata.

Ya yanka, ya naɗe, ya like bakin. Sannan ya zura zoben baikon a sandar ƙarfe, ya kawo nasa kusa, ya yi alama inda dutsen ya tare. A nan ya riƙa bugawa a hankali da ƙaramar guduma, yana gwadawa, yana gogewa, zinaren uwarsa yana rusunawa kaɗan-kaɗan yana buɗa wa dutsen matar Dokta hanya. Duk bugu ɗaya sai ya ji kamar shi ake danna wa kai. Aka yi la'asar, suka yi salla a bayan shago bi da bi, ya dawo ya ci gaba. Da ya wanke ya goge, abin da ya rage a tafinsa ɗan siririn zobe ne sumul, babu zane, babu alamar gidan da ya fito, da lanƙwasa a gaba kamar jinjirin wata.

Mufeeda ta zura shi. Ya tsaya a gaɓa, ta murza, ya wuce. Ta ɗora na baikon a kai. Dutsen ya sauka cikin lanƙwasar ya zauna, ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba.

Dokta ya sa tabarau ya kama hannun. "Ikon Allah. Kamar tare aka haife su. Wanda bai sani ba zai rantse shago ɗaya suka fito." Ya ciro waya. "Bari in yi cancel ɗin gobe. Mufeeda 'yata, cire a naɗe, sai ranar biki. Kada Baha ya ce mun riga shi."

Ta zare na baikon, ya fito salin-alin. Ta ja na ƙasan, ya zo gaɓa ya tsaya. Ta murza, ta ja, fatar ta tattaru a gabansa. Ta yi 'yar dariya ta sake ja. Ya ƙi.

Fatawu ya ajiye agogo ya leƙo. Ya dubi yatsan, ya dubi zoben gwajin da Almu ya ware a gefe, ya dubi Almu. "Ya matse kaɗan. Ba wannan lamba ka auna ba, Malam. A sa sabulu a cire, in buga shi a sanda ya buɗe. Yanzu-yanzu ne."

Ya miƙa hannu zai ɗauki sandar. Almu ya riga shi, ya ɗora tafinsa a kanta.

"Haka muke yi a gidanmu."

"A gidanku ana..."

"Na ce haka muke yi."

Dokta yana can bakin ƙofa da waya a kunne, yana ba wani haƙuri da Turanci. Mufeeda ta dubi hannun ubanta a kan sandar, da tabon ƙunar da bai gama warkewa ba. Ta dubi fuskarsa, shi kuma yana kallon kalandar da ke bango. Ta mayar da zoben gindin yatsa, ta lanƙwasa yatsun ta miƙe, ta ga jini yana gudu, ba ya ciwo.

"Uncle Fatawu, a bar shi," ta ce. "Ranar biki na nemi sabulu."

Dokta ya juyo yana mayar da waya aljihu. "An cire?"

"Ya ƙi fita, Abba."

Dokta ya fashe da dariyarsa. Almu ya jawo ledar naman da ya ce ya ƙoshi, ya zaɓi yanka mafi girma.